Ni da Shafin Amsoshin 'Yan Caina

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Laraba al'amarin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai ne saboda na rubuta shi a saman shafi (a wancan zamanin ko fensir na fere ina iya rubuta lokacin). Ina zaune a kan tabarma a inuwar rumbunmu a Hunkuyi, na idar da la'asar, na amsa tambayoyi biyar na labarin farko, sai na juya bayan littafin don in duba nawa na ci. Ɗaya na ci. Ɗaya cikin biyar.

Bari in ɗan koma baya. Ina aji biyar na sakandare lokacin. Malamarmu ta Turanci, Malama Bilkisu, ta sanar da mu cewa za a yi gasa a Makarfi tsakanin makarantun Ikara da Makarfi da Kudan: a ba ka labari da Turanci, ka karanta, ka amsa tambayoyi a kansa kafin lokaci ya cika. Ɗaliba ɗaya za a ɗauka daga makarantarmu, kuma kowa ya san tsakanin mu biyu ne, ni da Hassana. Hassana ita ce mai bakin ajinmu, hannunta ba ya sauka ƙasa. Ni kuwa tun daga aji ɗaya ban tuna ranar da na yi magana ba a kira ni ba. Amma karatu shi ne abu ɗaya da na san na iya a duniya, kuma ina son zuwa Makarfin nan har cikin raina.

Yayana Auwalu yana aiki a wani ofis a Ikara. Da ya ji labari, sai ya samo wani littafi a intanet, ya buga shi, ya ba direban mota ya kawo mini. Ya kira wayar Innarmu ya ce a ba ni.

"Kin ga littafin nan? Da irinsa 'yan makarantar Caina suke shirin shiga jami'a. In kika iya shi, na Makarfi wasan yara ne."

Ranar da na buɗe shi sai da na daɗe ina kallo kawai. Labaran da tambayoyin da Turanci suke, amma duk wani bayani da Sinanci aka rubuta, kowane harafi kamar ƙaramin ɗaki mai tagogi da ƙofa. Ga labarin ƙudan zuma da ke rawa don ya nuna wa 'yan'uwansa inda fure yake. Ga na kifayen can ƙasan teku da ke kunna haske a jikinsu. Ga na taurarin da haskensu ya taso tun kafin a haifi kakanninmu, sai yanzu yake isowa. A saman kowane labari akwai hoton agogo da lamba bakwai. Minti bakwai! Na riƙa hango wata yarinya sa'ata a can ƙarshen duniya, wadda harshenta bai haɗa ko harafi ɗaya da Turanci ba, ta zauna ta cinye wannan labari cikin minti bakwai ta tashi. Wallahi tsigar jikina tashi ta yi.

Amsoshin suna can bayan littafi, layi-layi na haruffa, A da B da C, kowane rukuni da kansa na Sinanci. Tunda ba na iya karanta kan, sai na yi abin da duk mai hankali zai yi: layin farko na labarin farko, na biyu na labari na biyu. Da haka na samu ɗayan nan cikin biyar.

To a nan ya kamata in tsaya in ce, anya? Amma ku gane gidan da na fito. Babanmu malamin zaure ne. Na tashi ina jin karatunsa ta jikin bango, ɗalibi ya ja baƙi shi kuma ya fassara. Sau da yawa na ji wani ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan wurin kamar ya saɓa da na baya," Baba kuma ya ce masa ya koma ya sake dubawa, don marubucin ya fi shi sani, kuma ɗalibi fahimtarsa yake fara tuhuma kafin ya tuhumi littafi. In wuri ya yi tsauri, sharhi ake nema masa. Ni a saninmu ba a yi wa littafi gardama.

Saboda haka na ɗauko sabon littafin rubutu na ja layi gida uku: amsata, amsar littafi, da dalilin da ya sa na yi kuskure. Gida na uku shi ya fi cin takarda. Duk inda littafi ya ce B ni na ce C, sai in zauna in yi ta juya labarin har sai na gano hanyar da B za ta zama gaskiya. Kuma ina ganowa! Abin da ya ƙara rikita ni ke nan. Duk amsar da na warware, sai girman 'yan Caina ya ƙaru a idona. Mu muna karanta abin da aka rubuta, su suna karanta abin da marubuci ya ɓoye a zuciyarsa, kuma cikin minti bakwai. Har wata ƙa'ida na gano na rubuta da jan biro: a duk shafukan da na bi, D ba ta taɓa zama amsa ba, ko sau ɗaya. Na ce lallai tarko ce suke ɗana wa marasa zurfin tunani (irina, kafin in waye).

Mako uku na yi a haka. Ban nuna wa kowa ba. Kunya ta hana, ga kuma ɗan rowa, in faɗi gaskiya.

Sai Malama Bilkisu ta ce ranar Litinin ni da Hassana kowa za ta jagoranci aji a kan labari ɗaya, shugabar makaranta za ta zauna ta gani, daga nan a zaɓi mai zuwa Makarfi. Hassana ta fara, da labari daga littafinmu na aji. Ta yi lafiya lau. Ni kuma na miƙe na raba kwafin wani labari daga littafin Caina. Da 'yan aji suka ga rubutun Sinanci a saman takarda sai suka shiga zare ido. Shugaba ta gyara tabarau.

Labarin wani tsoho ne da ya kwashe shekaru yana dasa itatuwa a bakin hamada. Wata shekara rijiyar ƙauyensu ta ƙafe. A sakin layi na uku an faɗa ƙarara cewa ya riƙa ɗauko ruwa a kan kekensa daga wani kogi mai nisa, safe da yamma. Tambaya ta biyu ta ce: me tsohon ya yi da rijiya ta ƙafe? D ta ce ya ɗauko ruwa daga kogi. A ta ce ya koma birni wurin ɗansa.

Aji duka suka ce, "D!"

Na yi murmushi. Ni, da ban taɓa yi wa aji murmushi ba. Na ce, "A ce."

Hassana ta ɗaga hannu, ba ta ma jira an ba ta izini ba, ta kira ni da sunan tsokanar da suke mini. "Ustaziya, in ya koma birni, wa ya ɗebo ruwan? Aljanu?"

Aka yi dariya. Amma na shirya. Na buɗe littafin rubutuna na fara bayani, cewa marubucin ya ambaci ɗan sau biyu, kuma ba banza ya ambace shi ba. Cewa gangar jikin tsohon ce kawai take tuƙa keke, zuciyarsa ta riga ta yi ƙaura. Cewa ƙafewar rijiya ishara ce ta ƙafewar fata. Na ji kalmomi suna zuwa da kansu. Na juya na rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa D tarko ce, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Tambaya ta huɗu ta fi muni. Yaya marubucin yake ji game da tsohon? Duk wanda ya karanta ya san sha'awarsa yake yi. Littafi ya ce haushi. Na ce ai haushin nasa na mutumin da aka tona wa asiri ne, ya ga tsoho ya yi abin da shi matashi ya kasa. Da idona na ga shugaba ta gyaɗa kai a hankali. Wata a bayan aji ta ce, "Kai, 'yan Caina!" cikin irin muryar da ake yi in an ga jirgi ya yi ƙasa-ƙasa. Wasu har sun fara goge amsoshinsu.

Hassana kaɗai ta ƙi. Ta rungume hannu ta ce, "Malama, ni dai keke na gani. Ko a Caina keke keke ne."

Malama Bilkisu ta taso daga inda take zaune. Ta miƙo hannu. "'Yar Malam, ba ni littafin nan."

Ta duba labarin, ta duba baya, ta sake duba labarin. Sai ta ɗauko wayarta ta ɗauki hoton shafukan amsa. Ashe tana da ƙanwa, Anti Zainab, da ke karatun likita a can Caina. Ta tura mata, ta ce mu ci gaba. Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na ce yau za a ji daga tushe.

Ba a yi minti goma ba saƙon murya ya shigo. Malama ta ɗora wayar a kan tebur ta ƙure sauti.

"Assalamu alaikum Yaya, ina wuni, au, ku ina kwana ko? Ya su Hajiya, ya ƙafar tata? Ya ɗalibai?" (Sai da ta gaida kowa har da maƙwabta, ni ina tsaye da alli a hannu.) "To na ga hotunan. Yaya, wannan shafin ai ba na labaran karatu ba ne. Kansa ya ce sashen saurare. Wanda ake kunna musu murya su ji su amsa. Shi ya sa ba D, zaɓi uku ne kawai a wannan sashen. Amsoshin karatu suna gaba, a hoto na huɗu da kika turo. Na tsohon nan mai keke, ta biyu D ce. Wa ya haɗa wannan da wancan?" Sai ta fashe da dariya, dariyar da ta taso tun daga Caina ta sauka a ajinmu a Hunkuyi.

Sashen sauraren Yaya Auwalu bai buga shi ba, tunda ba muryar da za a kunna. Amsoshinsa kuwa ya bar su inda suke, a farkon shafukan amsa.

Ajin kuwa ya tarwatse da dariya. Wata ta faɗo daga benci. Hassana tana buga tebur tana cewa, "Zuciyarsa ta yi ƙaura! Wayyo cikina, zuciyarsa ta yi ƙaura!" Shugaba ta cire tabarau tana goge su da gefen mayafi, ba ta kalli kowa ba, don ita ma ta san ta gyaɗa kai. Ni kuwa ina tsaye, a bayana ga rubutuna a allo, D tarko ce, da layi biyu a ƙarƙashi. Na nemi ƙasa ta tsage, siminti ne.

Bayan an tashi Malama ta riƙe littafin rubutuna. Ta bi gidan farko, na amsoshina na asali, tana gwada su da shafin gaskiya. Kusan duka daidai ne. Wato mako uku na kwashe ina zaune a inuwar rumbu, da natsuwa da tsari da jan biro, ina koya wa kaina yadda ake faɗuwa jarrabawa.

Abin mamaki, girman yarinyar nan ta Caina bai ragu a idona ba. Ya ma ƙaru. Ashe abin da ke kan takarda take karantawa, kamar ni, da harshen da ba na uwarta ba, kamar ni, ta ga keke ta ce keke. Abin da na ɗauka a ranar shi ne, in har mutum zai sallama wa shafi fahimtarsa, to ya fara tambayar wanda ya iya karanta kan shafin. Tambaya ɗaya da na yi tun ranar Larabar nan da ta wadatar. Amma tambaya tana buƙatar buɗe baki, ni kuma na ga rubuta shafi arba'in ya fi mini sauƙi.

Saura maganar Makarfi. Talata Malama ba ta faɗi wadda aka zaɓa ba. Laraba ma haka. Duk inda na gifta a makaranta sai in ji an ce, "Ya ƙaura?" Ranar Alhamis na kasa daurewa. Na bi ta har bakin ofishin malamai, na durƙusa, na gaishe ta, na sake gaishe ta, sannan da ƙyar na ce, "Malama, maganar gasar nan…"

Ta dube ni ta saman takardun da ke hannunta.

"Hassana ce za ta je. Ta ga keke ta tsaya a kan keke, ko da aji duka da shugaba sun bar ta." Na sunkuyar da kai, na ce to, na yunƙura zan tashi. Ta ce, "Ban gama ba. Akwai muhawara a Ikara wata mai zuwa, na riga na ba da sunanki. Yarinyar da ta tsaya minti ashirin tana kare amsar wata tambaya daban, har ni kaina na fara tunanin ko tsohon nan ya koma birni, ba zan bar ta tana zaune shiru a bayan aji ba. Tashi ki je, kuma ki goge mini rubutun nan naki da har yau yake kan allo."