Yadda Ake Ɓoye wa Suruki Yawan Fitsari

Ban yi boko ba, amma na yi wata bakwai a gidan surukina a unguwar Pantai Dalam da ke Kuala Lumpur, lokacin kullen korona. Na je ganin 'yata Raudatu, jirage suka tsaya. Banɗakin gidan ɗaya ne, ƙofarsa dab da teburin da mijinta Sharfaddeen ke koyar da ɗalibai ta kwamfuta. Ni kuma fitsari na taso mini ba sallama, sau goma sha huɗu a wuni. Bi matakan nan, suruki ba zai taɓa sani ba. Na ba ka tabbaci.

1. Kira shi alwala

Dattijo ba ya cewa fitsari a gaban mijin 'yarsa. Miƙe a hankali, ka naɗe hannun riga, ka ce za ka sabunta alwala. Ka jiƙa gemu kafin ka fito. Za a ɗauke ka mai tsoron Allah.

2. Kada ka ƙi shayinsa

Sharfaddeen kan yi mini tapau, wato ƙunshi, na teh tarik, shayinsu mai madara, daga shagon mamak, masu shayin unguwar, safe da yamma, a leda mai igiya. Shayin nan ne ke rura wutar. Na sani. Amma idan ka ƙi, za a tambayi dalili. Sha, ka yi godiya, ka naɗe hannun riga.

3. Gajarta sallah

An rufe masallatai, don haka kai ne limamin falo. Zaɓi gajerun surori. Idan an yi magana, ce liman nagari yana tausaya wa mamu. Mamuna biyu ne, dukansu lafiyayyu.

4. Kada ka daina shan ruwa

Na gwada kwana uku. Fitsarin ya yi ja, ya yi zafi, ya ƙara matsa mini. Wannan matakin na yi maka shi, ba sai ka maimaita ba.

5. Idan 'yarka ta kama ka, musa

Raudatu ta ce tana ƙirga ƙarar silifas ɗina. Na ce gwiwa ce ke son motsi. Ta ce to mu je a duba gwiwar. Je. Amfanin takunkumi ke nan, likita ba ya ganin fuskarka lokacin da kake bayani.

An auna fitsari, an duba abin da ake duba wa tsofaffi. Likita ya ce mafitsara ce ke matsewa tun ba ta cika ba. Ya ba ni ƙwaya ɗaya kullum, mai busar da baki. Ya ce in bar shayi, in sha ruwa kaɗan-kaɗan. In ya taso, in zauna, in tsuke ƙasa kamar mai riƙe iska, in jira minti biyar, mako mai zuwa goma. Ya ce horo ne. Ni da na yi shekara arba'in ina horar da jakuna, na gane.

A gida, ajiye ƙwayar a fili. Ce ta gwiwa ce.

6. Kada ka leƙa taga

Washegari Sharfaddeen ya shigo da ruwan sha'ir mai ɗumi. Ya ce mamak sun rufe. Ya kuma ɗauke teburinsa ya kai baranda, inda rana ke dukan ƙeya. Ya ce sabis ya fi ƙarfi a can.

Na leƙa ƙasa. Shagon mamak a buɗe, mutane a layi.

Na dawo na shanye ruwan sha'ir ɗina. Kai ma kada ka tayar da maganar.

7. Gwada doguwar sura

Bayan mako shida na ja sallar La'asar da ta Magariba da alwala ɗaya, na kuma karanta sura mai tsawo har Raudatu ta sauya ƙafa. Da muka sallame, Sharfaddeen ya sunkuyar da kai, wuyansa duk ya yi baƙi saboda ranar baranda.

"Baba, gwiwa ta yi sauƙi ke nan."

"Ta yi," na ce. "Malam, dawo da teburinka ciki."

"To, Baba. Sabis ma ya gyaru."

Har na bar Kuala Lumpur bai sani ba. Haka muka tsayar, ni da shi.

Gargaɗi

Ni ba likita ba ne. Wanda ya sha ƙwayar wani, ko ya riƙe fitsari har ya kunyata a sahu, shi ya sani. Wanda kuma ya bi matakan nan surukinsa ya tona shi, kada ya neme ni. Ba ni na zaɓa masa suruki ba.