Jatau Ya Cika Rumbu Da Zurma

Yau da safe uwargida Furera ta ɗora mini ƙwaryar dawa in kai niƙa. Na isa shagon maƙwabcina Jatau na tarar da inji a kwance, an baje hanjinsa a kan buhu, mai shi ya zuba tagumi.

Na ce, "Jatau, gas ne ya ƙare?"

Ya ce, "Ina ma shi ne. Ci gaba na zuba mishi, ya shaƙe."

Ga yadda aka yi. Bara Mai Girma Uban Tafiyar Mai Daga Gona ya zo mana nan Ƙaura da motoci har ba a ganin ƙarshensu. Ya ɗaga wata 'yar kwalba ya ce man zurma ne da aka sarrafa, yana tada inji kamar gas, ga ƙarancin hayaƙi. Gaskiya ya faɗa, Allah ya ƙara girma. Ya ce ɗanyen yana da kauri, sai an dafa shi da sinadari a masana'anta, a kuma gauraya da gas. Nan take ya aza tubalin masana'antar. Tubalin yana nan lafiya, jiya ma na ga akuya a kansa.

Jatau mutum ne mai yarda da manya. Gonarsa ta Ɗan Isa, wadda geronta ke riƙe gidansa daga kaka zuwa kaka, ya shuke ta da zurma. Na ce masa kowa ya hau motar kwaɗayi ya san tashar da ake sauka. Ya ce ni baƙin ciki nake.

Zurma ta yi kyau, ma sha Allah. Mai saye ne bai zo ba. Da jira ya ishe shi, sai ya sa matarsa Rahma ta soya, ta daka, ta matse kamar yadda take wa gyaɗa. Mai ya fito kamar zuma. Ya ɗura wa inji. Inji ya yi tari, ya yi shiru. Tunkuzar ma ba ta yin ƙuli, guba ce, sai da suka binne ta don kada awaki su ci.

Na tambaye shi me yara suka karya da shi. Ya kau da kai ya ce, "Mi kaka son in ce maka?" Wallahi raina ya ɓaci, na bar masa ƙwaryar dawar, zan san abin da zan gaya wa Furera.

Amma kada a ce ba a yi mana komai ba. Tun zamanin kakanni an san man zurma maganin wankin ciki ne. Yanzu Jatau yana da rumbu guda na zurma, a gidan da babu cikin da ke da abin wankewa.