Rasuwar Jan Mariƙin Ɗakin Haihuwa

Da zuciya cike da baƙin ciki, Malama Khaulat Mudassiru ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Jan Mariƙi, mariƙin ƙofar ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitinmu da ke hanyar Kura zuwa Bunkure. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da wata biyar da sati uku a bakin aiki, saura kwana tara ya cika wa'adinsa.

An haifi marigayin a ɗakin gwaji na jami'a a Kano. Wata na'ura ce ta gina shi da narkakkiyar roba, layi bisa layi, awa bakwai cur, Khaulat, wadda ta ƙirƙiro shi, na zaune a gabanta ko ruwa ba ta tashi ta sha ba. A cikin robar an cuɗa garin jan ƙarfe, wanda ƙwayoyin cuta ba sa daɗewa a kansa. Kwamitin asibiti ya ba shi wata shida na gwaji: in ya fi tsohon mariƙi tsabta, za a yi wa kowace ƙofa irinsa. Duk Alhamis Khaulat takan shafe shi da auduga ta kai audugar Kano a duba, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Hannun da ya fito daga laka a gonar shinkafa ya kama shi, wanda ya wuni yana tsinkar tumatir ya kama shi, mai naƙuda ta damƙe shi kamar za ta cire shi daga ƙofar, bai taɓa cewa komai ba sai "ƙyas" ɗin nan nasa.

Ciwon ajalinsa rama ce. Tun wata na uku Khaulat ta lura ƙugunsa na sirancewa. Ta zargi zafi, ta zargi ruwan wanki, har ta zargi kanta, ta koma littattafanta tana neman inda ta yi kuskure. Sai ranar wani awon ciki ta ga abin da idonta. Wata mata ta fito da reza daga bakin zani, ta kankari marigayin a tafin hannunta, ta ƙulle a leda. Wadda kuwa ta tsaya ta kare ta da mayafi kada a gani, Gwaggo Asta ce, ungozomar asibitin, ƙanwar mahaifin Khaulat, mutum ɗaya tak da Khaulat ta zaunar ta yi wa bayanin cewa mariƙin nan yana kashe ƙwayoyin cuta.

Ashe bayanin ya bi bakin kwatar ban-ruwa ya zaga ƙauyuka. Ana jiƙa garin a ba yaro mai gudawa, ana zuba shi a ruwan wankan jego. Da Khaulat ta sami Gwaggo da maganar a bayan ɗaki, ko a jikinta. "Haba 'yar nan, ke kika ce magani ne. Ƙofa ce za ta sha magani mutane na kallo? Ɗan kaɗan fa muke ɗiba."

Khaulat ta tuna hannun Gwaggo ne ya karɓe ta ranar da aka haife ta, sai ta ƙyale ta. Ta rubuta gargaɗi ta manna a ƙofa, a wurin da mafi yawan masu rezar ba karatun boko suke yi ba. Wannan laifin nata ne, ba ta musa ba. Ranar Talata Malam Baballe mai injin ban-ruwa ya kawo matarsa a gigice, ya murɗa marigayin sau ɗaya, ya tsaya riƙe da rabinsa. Ba a zarge shi da komai, kuma an samu ɗiya mace.

Marigayin ya bar kusoshi biyu a jikin ƙofa, da wata igiya da ake jan ƙofar da ita yanzu, wadda ba wanda ya san ranar da aka wanke ta. Ya bar sakamakon gwaji na sati ashirin da uku da bai kammalu ba. Ya kuma bar 'ya'ya masu yawa a ƙulle cikin leda a gidaje daga nan har Garun Mallam. Ana roƙon kada a sha su, kada a ba yaro. Roba ce da ƙarfe. Amfaninsa a ƙofa yake.

Ba za a binne shi ba, kada damina ta kai shi cikin kwata. Za a kai gawar gaban kwamiti ranar Litinin, a roƙa wa ƙaninsa, sabon mariƙin da za a gina, wata shida. Zaman makoki kuwa sai Talata da safe a rumfar awo, inda Khaulat za ta miƙe tsaye ta yi wa mata bayani da bakinta. Duk mai ƙulli ta zo da shi ta jefa a kwano, ba za a tambayi sunan kowa ba.

Gwaggo Asta ce za ta riƙe kwanon.