Shari'ar Tururuwa

"...lafiya lau, tsoho. Kai, me kake yi a durƙushe bakin murhu?"

Yurani ke nan, jikar maƙwabcina Don Evaristo. Shekara hamsin yana dafa ruwan rake yana yin mazarƙwaila a ƙauyenmu na Santander, sai ciwon suga ya kama shi. Likita ta ce in bai bar zaƙi ba, ƙafa za ta tafi. Yurani ta sayo masa garin zaƙin kanti, na 'yan ƙunshin takarda. Ni dai ina jingine da katanga da kofina, ko motsi ba na yi.

"Shari'a nake yi, ke mummuna. Zo ki gani. Nan mazarƙwaila, nan gubarki. Tun safe tururuwa ta yi maƙil a nawa, ko ɗaya ba ta leƙa naki ba."

"To sai me?"

"Sai me? Abin da tururuwa ta ƙi za ki ɗura min? A rediyo ma an ce sankara yake sawa! So kike ki kashe ni ki gaji alfadarina."

"Alfadarin da ya girme ka? Allah ya sawwaƙe! Na tambayi likita, ta ce ba a tabbatar ba, kuma ƙunshi ɗaya a kofi bai kai abin tada hankali ba."

"Likitar da ba ta iya bambanta rake da gora ba!"

"Amma ta san ƙafa. Abokinka Hilario ma shawarar tururuwa ya bi, ga shi yanzu takalmi ɗaya yake sawa."

Sai da kofi ya sarƙe ni, wallahi. Tsohon ya miƙe yana huci.

"Ni kike haɗawa da Hilario, marar kunya? Mutumin da ko da ƙafa biyu bai iya rawa ba?"

"Kai ɗin ka iya? To saura wata biyu bikina. Babana ya rasu, kai za ka yi rawar farko da ni. In an yanke ƙafar nan wa zan riƙe, tururuwa?"

Muryarta ta karye a ƙarshen, ni ma raina ya sosu. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Can ya cire malafarsa, ya zaro dunƙulen mazarƙwaila da ya ɓoye a ciki.

"Ungo, kai wa ragon saurayin naki. Zuba min gubar. Amma kika taka ni a filin rawa, gida zan dawo."