Launin da Kuka Manta a Takardar Gwajin Kifi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Hancin Zamani,
Garkuwar cikin masu firji,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta wanda ya san matsayinsa, ina taya ka murnar 'yar takardar nan da kuka ƙirƙiro, wadda ake manna wa kifi ko nama, sinadarin jikinta ya shaƙi iskar da ke fita, ta yi kore in lafiya lau, ta yi ja in abu ya juya. Allah ya ƙara basira. Ni tsohon mai gyaran agogo ne, ina zaune a ɗaki ɗaya bayan kantin magani, kuma ina da 'yan ƙorafe-ƙorafe da nake roƙon a dube su in an sami sarari.

Na ɗaya. Wane masani ne ya shaida muku cewa nama iri biyu ne kawai a duniya? Akwai mai kyau, akwai ruɓaɓɓe, akwai kuma na tsakiya, wanda matar gida ke shinshinawa, ta yamutsa fuska, ta sake shinshinawa, sannan ta ce a kai wa wani. Ranka ya daɗe, ni ne wanin.

Na biyu. Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, tana auren mai hali, firjinsu ƙofa biyu gare shi. Duk lokacin da aka ɗauke wuta ta daɗe ba ta dawo ba, maƙwabta na tsaki, ni ina share ɗaki ina shimfiɗa tabarma. Da kanta take zuwa da kwano a lulluɓe, don ba kayan da za a ba ɗan aike ba ne. Takan ce, "Yaya, ga ɗan abin nan, ka dai tafasa shi sosai, cikinka ba irin na yara ba ne." Sai ta zauna, ta yi mini faɗan saƙar gizo-gizo a kusurwa, mu yi hirar marigayiya mahaifiyarmu har direba ya gaji da jira.

Na uku. Mijinta, mutumin kirki mai son sabon abu, ya sayo takardunku. Ya bi duk abin da ke kicin yana mannawa, har ya iso kan kwanona, ƙanwata tana shirin fitowa da shi. Da bakinsa ya gaya mini a waya cewa bai taɓa ganin ja irin wannan ba. Ya ba ni haƙuri kamar zai yi kuka, ya rantse irin wannan ba zai sake fita daga gidansa zuwa nawa ba. Ya kuwa cika alkawari, Allah ya saka masa. Koren ne dai har yau bai gano hanyar layinmu ba.

Na huɗu. Tallanku na cewa kuna kare lafiyar iyali. Madalla! Ina tabbatar maka cikina bai taɓa samun lafiya irin ta yanzu ba, domin babu abin da ke shiga balle ya tayar da hankali. Kwandon shara ne ya gaje ni. Shin shi kun auna ƙarfin cikinsa?

Na biyar, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Tun ranar, ƙanwata ba ta sake tako ƙofata ba. In na kira, gaisuwa ce a gurguje, sai ta ce tana da baƙi. Kunya ce, na san ta tun tana rarrafe. Ba ta iya zuwa hannu rabbana, ba ta iya zuwa da ja, kore kuma na yara ne. Wallahi ina kewarta.

Saboda haka ina roƙon alfarma, ku ƙara launi na uku, ko da ruwan ɗorawa ne, a rubuta ƙarƙashinsa: a kai wa Kawu. In sinadarinku bai kai nan ba, to ku buga layi ɗaya a bayan kwalin, inda za ta gani in ta buɗe. Ku ce mata yayanta ma yana da hanci, ya sani tun kwanon farko, kuma ba don kifin yake shimfiɗa tabarma ba.

Allah ya ja zamaninka, ya sa duk abin da za ka kai baki ya yi kore shar.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Kawun yara,
Mai gyaran agogo, bayan kantin magani.