Ranar Da Na Ce Ƙwaya Nake Bugawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, da ranar da na je gaida mahaifin Hadiza a Runka.

A da ni ma'aikacin wani kamfanin magani ne a Kano, sashen buga ƙwaya. Mu ne masu auna gari, mu cakuɗa shi da sitaci, a jiƙa, a busar, a tankaɗe, sannan inji ya daddanne shi ya fito ƙwaya-ƙwaya. Na iya aikina, kuma ba zan fasa faɗa ba. Da man gas ya yi tsada kamfanin ya rufe, sai na tattaro komatsaina na dawo Batsari da ɗan farantin cika kafso na hannu da buhun kwanson kafso, ja da ruwan ɗorawa. Zaman banza ya ishe ni, na fara shanya zogale a inuwa, in daka, in tankaɗe, in ɗura a kafso ina sayar wa ma'aikatan ƙaramar hukuma (masu jin kunyar a gan su da kwanon kwaɗo a ofis).

Hadiza malamar firamare ce a Batsari. Mun daidaita, saura amincewar mahaifinta, Malam Isiya, wanda bai taɓa ganina ba, kuma an ce ba ya ƙaunar ɗan birni mai iyayi. Ranar gaisuwa na ci ado, na cika leda da kafso a matsayin tsaraba, na hau acaɓa.

Dab da shiga gari 'yan sa-kai suka tare mu. Lokacin ɓarayin daji sun addabi yankin, kuma kowa ya san a kan babur ake kai musu ƙwayar da suke sha. Kwamandansu, wani dogo mai bindigar toka, ya zungure ledar ya tambaye ni mene ne ciki. Mai hankali da sai ya ce zogale. Ni kuwa, don kada a raina min sana'a, na gyara zaman hula na ce ƙwaya ce, ni na haɗa ta da hannuna, kuma na shekara da shekaru ina buga ta a Kano.

Kafin in rufe baki ina ƙasa dirshan. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, ɗan acaɓan ya ja babur ɗinsa ko waiwaye babu. Na shiga bayani cewa tawa ba irin waccan ba ce, mai kyau ce, ƙara kuzari take yi (ku dubi sakarci). Kwamanda ya ce ai mai ƙara kuzarin suke so. Suka ɗaure min hannu ta baya, suka ce in faɗi wanda ya san ni a Runka, in babu su kai ni bayan gari su yi min tambayoyi. Duk ɗan yankin nan ya san me ake nufi da bayan gari. Wallahi na ji tsoron da ban taɓa ji ba, kuma suna ɗaya tak na sani a garin.

Aka je gona aka taso Malam Isiya, ya zo da rabin gari a bayansa. Haka surukin da na yi wa ado ya fara ganina, a zaune cikin ƙura, majina na neman zubowa. Na ce Baba ina wuni, shi kuwa ledar ya nufa. Ya ɗauki kafso ɗaya, ya ɓare, ya zazzage a tafin hannu, ya lasa. Kwamanda ya ce, "Baba, ka san mutumin nan?"

Dattijon ya dube ni sama da ƙasa. Na san in ya ce a'a, tawa ta ƙare.

"Surukina ne," in ji shi. "Wawa ne, amma ba ɓarawo ba. Wanda ya ɗauko zogale tun daga Batsari ya kawo Runka bai isa ya cuci kowa ba."

Wurin ya kece da dariya, har Kwamanda sai da ya jingine bindiga. Aka kwance ni, na bi Malam a baya da takalmi ƙafa ɗaya har gidansa, inda na tarar shingen gidan gaba ɗaya zogale ne.

Har yau a Runka Mai Ƙwaya suke kirana, kuma amsawa nake yi da ƙarfi. Ƙwaya sunan magani ne tun kafin 'yan iska su ɓata shi, ban ga dalilin da zan bar musu kalmar ba. Abin da na koya dai shi ne, in mai bindiga ya tambaye ka me ke cikin leda, faɗa masa sunan ganye, ka ajiye sunan sana'a sai ka isa gida.

Sai bayan biki Hadiza ta gaya min cewa Malam da niyyar hana ni ya tashi ran nan. Amma ya riga ya kira ni suruki a gaban gari, kuma shi ba ya magana biyu.