Yadda Muharram Ya Raba Ni da Shagon Gas

A watan Agusta na kama hayar shagon sayar da tukwanen gas a unguwar Nuzla ta Jidda, na shekara guda. Kuɗin sabunta haya tun da wuri na ware su, na zauna jiran wani Agustan ina jin babu wanda ya kai ni tsari a Jidda.

Maƙwabcina Malam Idi mai shayi ya leƙo ya ce, "Alhaji, ka je wajen mai gida kuwa? Muharram fa ya kama."

Na ce, "Malam Idi, kai dai ji da butarka."

Ashe da watan Musulunci mai gidan ke lissafi, kuma a Muharram na kama shagon, shekararsa ta riga tawa cika. Ranar da na je da kuɗina har da fesa turare, ko zama bai ce in yi ba. Ya ce, "Halas, ya Hajji," wato magana ta ƙare. Ya riga ya ba wani.

Ni na yi ta jidar tukwane cikin rana, Malam Idi na taya ni.

Yanzu duk watan da ya tsaya, ni ake fara bugo wa waya: "Alhaji Agusta, an ga wata. Ko naka bai fito ba tukuna?"